Kwamfuta biyu-a-ɗaya za ta iya maye gurbin tsohuwar laftof? Tambayoyi da amsoshi

Laftof ta tsufa: batir ba ya riƙe caji, fanka tana ƙara, kafin ta buɗe ka gama shan shayi. Sai ka ga wani riƙe da wata 'yar siririyar na'ura, ya ɓalle mata kibod ya yi karatu, ya mayar ya ci gaba da rubutu. Ga tambayoyin da mai shirin sayen irin wannan ya kamata ya yi wa kansa kafin kuɗi su bar aljihu.

Wai mece ce biyu-a-ɗaya ɗin nan?

Suna ɗaya ake kiran su da shi, amma iri uku ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin da-na-sanin da masu saye ke yi.

Akwai wadda asalinta laftof ce, sai dai murfinta yana lanƙwasawa har ya kwanta a bayan kibod. Kamfanin Lenovo ne ya yi fice da wannan tsari tun 2012 da samfurin Yoga, sannan HP ya fito da nasa masu laƙabin x360, Dell ma yana da nasa. Akwai kuma wadda duk injinta yana bayan gilashi, kibod ɗin kuwa murfi ne da maganaɗisu ke riƙewa, ana cirewa ana mayarwa. Jagorar wannan layi ita ce Surface Pro ta Microsoft, wadda ta fara fitowa a 2013, kuma Windows take amfani da shi. Na uku su ne tabilet na ainihi da aka yi musu kibod, wato iPad ta Apple da Galaxy Tab ta Samsung da ire-irensu, waɗanda tsarin cikinsu ɗan'uwan na waya ne.

Ta farko ba ta da wata doguwar muhawara, laftof ce. Gardamar tana kan na biyu da na uku.

To, a taƙaice: za ta iya ko ba za ta iya ba?

Idan Windows ce a cikinta, kuma ba mafi ƙarancin samfuri ka saya ba, za ta yi aikin da tsohuwar laftof ɗinka ke yi, har ta fi ta sauri. Abin da za ka rasa shi ne ramukan jona kaya, da damar ƙara mata ƙarfi daga baya, da sauƙin gyara. Idan iPad ce ko mai Android, amsar ta dogara ga manhajojin da kake cin abinci da su. Wanda aikinsa karatu ne, da imel, da taron bidiyo, da rubutu mara ɗawainiya, zai zauna lafiya. Wanda yake da manhaja ko da guda ɗaya da sai a Windows take tashi, zai koma neman laftof kafin wata ya ƙare.

Microsoft da kansa ya tallata Surface Pro 3 a 2014 da cewa ita ce tabilet ɗin da za ta maye gurbin laftof ɗinka. Shekara goma da ɗoriya bayan nan, kamfanin yana nan yana ƙera laftof na gargajiya mai suna Surface Laptop, yana sayarwa.

An ce iPad ta yanzu ta fi laftof da yawa ƙarfi. Me zai hana ta?

Maganar ƙarfi gaskiya ce. Tun 2021 Apple ya sa wa iPad Pro furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin na'ura, mai suna M1, irin wadda ke cikin MacBook, laftof ɗin Apple, na lokacin. Ba inji ne ke taƙaita ta ba, manhaja ce.

Ɗauki Excel. Na iPad yana buɗe takarda, yana lissafi, yana zana jadawali, amma ba ya tafiyar da makro, wato 'yan umarnin da akawu ke rubutawa don su yi masa aikin da ake maimaitawa. Idan takardar albashin ofishinku da su aka gina ta, a iPad kallonta kawai za ka yi. Ɗalibin da ke nazarin alƙaluman bincikensa da SPSS ba zai same ta a iPad ba. Injiniyan da ya saba da cikakkiyar AutoCAD zai tarar da wata taƙaitacciya ce ake ba shi. Word yana nan, kuma ya isa rubuta wasiƙa ko rahoto, amma mai haɗa kundin digiri mai babi biyar da jadawalai da jerin manazarta zai ji hannunsa a ɗaure, don wasu kayan aikin na kwamfuta ba a kawo su ba. Ƙari a kan haka, a na'urar da fuskarta ta wuce inci 10.1, Microsoft yana neman kuɗin rajistar Microsoft 365 kafin ka yi gyara a cikin takarda.

Apple ya yi ta rage tazarar. A 2019 ya ware wa iPad tsarinta mai suna iPadOS, wanda ya ba ta damar karanta filashi. A 2020 ta samu cikakken aiki da linzami. A 2025 aka ba ta tagogi masu kama da na kwamfuta, da za ka ja ka rage ka ɗora wata kan wata. Samsung shi ma yana da DeX, wanda ke mayar da fuskar Galaxy Tab kamar ta kwamfuta. Duk wannan gyaran fuska ne. Manhajar da ba a rubuta wa tsarin ba, ba ta nan.

Hanya mafi sauƙi ta yanke hukunci: ɗauki takarda, ka yi mako ɗaya kana rubuta sunan duk manhajar da ka buɗe a tsohuwar laftof ɗin, har da wadda ba ka buɗewa sai ƙarshen wata. Ta ƙarshen watan nan ita ce yawanci ke ɓata lissafi.

Ke nan duk Surface Pro da na samu za ta ɗauki manhajojina, tunda Windows ce?

Sai ka duba furosesar. Yawancin tsofaffin samfura na Intel ne, kuma duk abin da ke tashi a laftof yana tashi a kansu. Amma Surface Pro X ta 2019, da wani reshe na Pro 9, da akasarin Pro 11 ta 2024, suna amfani da furosesa mai tsarin ARM daga kamfanin Qualcomm. Wannan tsari yana tsimin batir ƙwarai, sai dai yarensa daban ne. Windows yana yi wa tsofaffin manhajoji tafinta suna tafiya, kuma a sababbin samfura tafintan yana da kyau, har ba ka cika lura ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da wata na'ura. Su ba a yi musu tafinta. Tsohuwar firinta, ko sikana, ko na'urar ɗaukar zanen yatsa irin ta masu shagon rajista, idan kamfaninta bai fitar da direban ARM ba, tana iya ƙin aiki ƙememe, ko ta yi rabi.

Mai shagon buga takardu ko wurin cike fom a intanet, gara ya tsaya a Intel ko AMD.

Ana iya ɗora ta a cinya a yi rubutu kamar laftof?

A nan ne talla ba ya faɗin gaskiya duka. Laftof nauyinta yana ƙasa, wajen kibod, murfi kuma mara nauyi ne, hinji yana riƙe shi a duk inda ka tsayar. Surface Pro akasin haka ce: nauyin yana sama, abin da ke tallafe ta wani siririn madogari ne da ake buɗowa ta baya. A kan tebur ba ta da matsala. A kan cinya kuwa, sai ka tanadi wuri mai tsawo: kibod a gaba, gilashi a tsakiya, madogari a baya yana neman gwiwa. Gefen madogarin yana nutsewa cikin nama, in ka ɗan motsa ƙafa ya zame ta bayan gwiwa, gilashin ya kifa baya, maganaɗisun ya saki, ka bi ta da hannu biyu. Mai zama a kujerar mota, ko a bencin ɗakin lacca mai ɗan siririn katako, ko a tabarma da ƙafa a harɗe, zai gane wannan tun ranar farko.

Kibod ɗin shi kansa ba laifi, maɓallansa suna da daɗin dannawa, amma da yake siriri ne yana ɗan lotsawa idan hannunka mai nauyi ne. Fuskar ma ƙarama ce: inci 12.3 a Pro 7, inci 13 daga Pro 8, alhali yawancin tsofaffin laftof inci 14 ne ko 15.6. Wanda ke wuni a cikin jadawali mai layuka da yawa zai ji bambancin a idonsa.

Ramukan jona kaya fa?

Dubi gefen tsohuwar laftof ta ofis, misali HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwar na-hannu: ramukan filashi, na wayar intanet, na VGA da tsofaffin furojekta ke amfani da shi, na katin ajiya, na abin saurare. Surface Pro 7 tana da ramin filashi na gargajiya guda ɗaya da USB-C guda ɗaya. Daga Pro 8 an cire na gargajiyar, saura USB-C biyu. A Pro 9 har ramin abin saurare ya tafi. iPad ta yanzu rami ɗaya gare ta tal, shi ne na caji, shi ne na komai.

Maganin shi ne ƙaramin akwatin raba rami da ake jonawa a USB-C. Yana aiki. Amma kaya ne da za ka saya, ka riƙa ɗauka, kuma ranar da ka manta shi a gida ita ce ranar da wani zai miƙo maka filashi.

Ai dai ta fi sauƙin ɗauka, kuma ta fi arha?

Sauƙin ɗauka, idan an kwatanta da tsohuwar laftof mai kilo biyu, babu shakka. Surface Pro 7 ba ta kai giram 800 ba, da kibod ɗinta kuma ta ɗan haura kilo ɗaya. Amma idan da sabuwar siririyar laftof za a gwada, tazarar ba ta da yawa. Babbar iPad Pro ta 2020, in aka haɗa ta da kibod ɗin Apple mai suna Magic Keyboard, ta fi MacBook Air na shekarar nauyi.

Arha kuwa, a'a. Farashin da ake rubutawa na gilashin ne kaɗai. Yawanci kibod daban ake sayarwa, alƙalami ma daban. Murfin kibod na Surface ya daɗe a kan kusan dala 130, Magic Keyboard kuma ya fito a kan dala 299 zuwa 349. Ka tara waɗannan da akwatin raba rami, sannan ka gwada da laftof mai ƙarfi iri ɗaya. Sau da yawa laftof ɗin ce ke fin sauƙi.

A inda wuta ba ta tsayawa, wacce ta fi?

Nan biyu-a-ɗaya ta yi wa tsohuwar laftof fintinkau. Ba ta cin wuta sosai, kuma duk wadda ke caji ta USB-C ana iya cika ta da babban fawa-banki, muddin yana da tsarin caji mai ƙarfi da ake kira PD kuma ƙarfin da yake fitarwa ya kai abin da na'urar ke nema. Ƙaramin na waya ba zai iya da Surface ba, ko da yake yana ɗan taɓuka wa iPad. Mai ƙaramar sola a gida zai ga amfanin wannan. Tsohuwar laftof mai caja mai zagayen baki kuwa, sai an kawo wuta ko an tayar da janareta. Wasu samfuran kuma suna karɓar layin waya, ba sai ka kunna hospot ka ƙarar da batirin wayarka ba.

Sai dai zafi. Apple da Microsoft duk sun ce a yi amfani da na'urorin nan a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yana haura 40. Siririyar na'ura, musamman wadda ba ta da fanka, ba ta da hanyar fitar da zafi sai ta jikinta, don haka da ta ɗumama sai ta rage wa kanta gudu. Kana tsakiyar tace bidiyo ko taron Zoom sai ka ga ta fara jan ƙafa. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar batir. Yana rage masa kwana, wani lokaci ya kumbura shi. A laftof, kumburarren batir yana tura murfin ƙasa ko wurin linzami. A Surface gilashi yake turawa, sai ka ga gefen fuska ya ɗago yana barin tsaga.

Rashin fanka yana da nasa alherin: lokacin hunturu ba abin da ke zuƙo ƙura zuwa ciki.

Idan ta lalace, ana gyarawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, ita ce kuma ba a cika yi ba sai bayan an saya.

Tsohuwar laftof ta ofis an ƙera ta ne don a buɗe. Ka kwance sukurori kaɗan, murfin ƙasa ya fita, ga batir, ga RAM mai riƙe aikin da ake yi a lokacin, ga ma'ajiya, ga fanka, kowanne ana cirewa a sa wani. Kowane mai gyara a Beirut Road ta Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya san cikinta, kuma kayan gyaranta suna nan a kasuwa, don an shigo da irinta dubbai.

Surface Pro daga ta farko har Pro 7 ba ta da ƙofar shiga sai ta gilashi, gilashin kuma da gam aka manne shi. Mai gyara zai hura masa iska mai zafi har gam ɗin ya yi laushi, ya cusa wani siririn roba a gefe, ya riƙa bi a hankali yana yankawa, yana kaffa-kaffa da wayoyin da ke ƙarƙashi. Gilashin siriri ne ƙwarai. Ko ƙwararre yana iya fasa shi. Shi ya sa mai gyara na gaskiya zai gaya maka tun farko cewa in ya fashe ba ruwansa. Wato canjin batir kawai yana iya jawo maka sayen sabuwar fuska. Kamfanin iFixit, wanda ke kwance na'urori yana ba su maki kan sauƙin gyara, ya ba wa Surface Pro ta 2017 da Pro 6 maki 1 cikin 10.

RAM kuwa da dalma aka like shi a jikin allon inji, a Surface da iPad duka. Abin da ka saya da shi, da shi za ta mutu. Don haka kada ka sayi mai giga 4 da niyyar ƙarawa daga baya. 8 shi ne mafi ƙanƙanta, 16 kuma shi ne na mai son ta daɗe.

An samu ci gaba. Daga Pro X da Pro 7+ akwai 'yar ƙofa da ake ciro SSD, wato ma'ajiya mai sauri mara faifai, kuma a Pro 9 ta 2022 an daina manne batir da gam, aka koma sukuru. Microsoft yana sayar da kayan gyara ma yanzu. Amma samun su a kasuwarmu wani aiki ne daban. Wanda wannan ce kaɗai kwamfutarsa, kuma da ita yake neman abinci, ya lissafa makonnin da zai zauna jiran kaya.

Anya ma tsohuwar tawa ta mutu? Ko gyara take nema?

Yawancin laftof da ake cewa sun tsufa, abu biyu ke damun su: ma'ajiya mai faifai mai juyawa, da mataccen batir. Cire faifan a sa SSD, a kai RAM giga 8, a sa sabon batir, a share ƙurar fanka, a sabunta man da ke kan furosesa. Laftof ɗin da ke ɗaukar mintuna kafin ta buɗe sai ta koma daƙiƙoƙi, kuma kuɗin bai kama ƙafar na sabuwar na'ura ba.

Abin da gyara ba ya warwarewa shi ne Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na sabuntawar tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma yana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, tare da guntun tsaro TPM 2.0. EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, ba ta cikin jerin. Ba za ta daina aiki ba, amma ɓarakar tsaro da aka gano daga baya ba mai toshe ta, abin da bai dace da mai shiga asusun banki a kai ba. Akwai masu yin dabara su cusa Windows 11 duk da haka, akwai kuma masu komawa Linux, wani tsari da ke maye gurbin Windows, irin su Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a tsohon inji. Ga mai aikin burauza da rubutu, Linux ɗin ya wadatar.

Ta hannu zan saya. Me zan duba?

Fara da shekarunta. Surface Pro ta 2017, wadda 'yan kasuwa ke kira Pro 5, zubi na 7 ce, ita ma Windows 11 bai yarda da ita ba. Ka bar tsohuwa ka sayi wata tsohuwar ke nan. Daga Pro 6 ne ake shiga jerin. Pro 4 kuwa ta yi suna da rawar fuska idan ta ɗau zafi, har Microsoft ya buɗe shirin musanya ta a 2018. Kada ƙaramin farashi ya ruɗe ka.

Ɗaga ta zuwa saitin ido ka kalli gefen gilashi ko ya ɗago. Buɗe farin shafi ka nemi tabo mai launin rawaya. Ja yatsa a kowane lungu na fuskar ka ga ko akwai inda ba ya ji. Cire kibod ka mayar sau da yawa, ka danna kowane harafi. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. Ka kuma sani kibod ɗin Pro 7 ba ya shiga Pro 8. An canza bakin.

Sai kulle. iPad da tsohon mai ita bai cire asusunsa na Apple, wato iCloud, ba, ba ta da amfani, kuma duk wanda ya ce zai buɗe maka kada ka biya kafin ka gani. Surface da ta fito daga wani kamfani a waje tana iya kasancewa a ƙarƙashin ikonsu har yanzu, sai an goge ta an haɗa da intanet sannan ta nemi imel ɗin ma'aikacinsu. Don haka a goge ta a gabanka, a cikin shagon, a haɗa ta da intanet, ka shiga da asusunka, sannan ka ƙirga kuɗi.

Zan iya rubuta Hausa da ƙ, ɗ, ɓ a kanta?

A Windows akwai tsarin kibod na Hausa da ake ƙarawa daga wurin saitin harshe, kuma yana aiki da kibod ɗin Surface kamar kowace laftof. Manhajar Keyman ma tana yi. A kibod ɗin kan gilashi, Gboard yana da Hausa a Android da iPad. Amma a iPad, manhajar kibod ta wani kamfani ba ta iko da kibod ɗin da aka jona, saboda haka marubucin Hausa ya gwada haruffa masu lanƙwasa da kibod ɗin a jone kafin ya saya.

To wane ne zai ji daɗinta da gaske?

Mai rubutu da hannu. Malamin da ke duba aikin ɗalibai yana yi musu jan biro a kan PDF, ɗalibin likitanci ko injiniya da ke zana hoto cikin darasi, mai zanen ɗinki ko na gini, mai koyar da lissafi ta bidiyo, mai rubutun ajami ko Larabci da kibod ke wahalar da shi. Ga waɗannan alƙalamin ba ado ba ne, aiki ne da laftof ta gargajiya ba ta iya yi. Haka mai yawan karatu: littafi mai shafi ɗari biyar ya fi daɗi a abin da za ka riƙe a tsaye kamar takarda.

Wanda bai ga kansa a wannan jerin ba, akasari bayan ɗokin makon farko ba ya sake cire kibod ɗin. Ya biya kuɗin abu biyu, yana amfani da ɗaya, ɗayan ma a takure. Idan kana son ka riƙa taɓa fuska jefi-jefi amma rubutu ne aikinka, mai lanƙwasawar nan irin Yoga ko x360 ta fi dacewa: tana zama a cinya, ramukanta sun fi yawa, ta ƙasa ake buɗe ta. Aibinta shi ne nauyi a hannu in an naɗe ta, da maɓallan da yatsunka ke taɓawa ta baya.

Idan na sayi sabuwar, in sayar da tsohuwar nan take?

Dakata tukuna. Riƙe ta wata ɗaya ko biyu, har ka ga zagayen aikinka ya cika a kan sabuwar: rahoton ƙarshen wata, firintar ofis, furojektan ɗakin taro, shafin makaranta ko na gwamnati da ba ya buɗewa daidai sai a burauzar kwamfuta. Kwashe takardunka zuwa ma'ajiya ta waje tun kafin nan, domin a na'urar da ma'ajiyarta ke like, in allon inji ya ƙone, fitar da abin da ke ciki yana da wuya ƙwarai.

In ka tashi rabuwa da ita, share fayil da hannu bai isa ba, ana iya dawo da shi. Yi amfani da zaɓin mayar da Windows sabo, ka zaɓi cire komai tare da goge ma'ajiya, ko kuma ka cire faifan gaba ɗaya ka riƙe, ka sayar da ita babu shi.